Kufan Ƙasarmu: Daga 'Yandoto Zuwa Tsohuwar Tashar Jirgin Gusau

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu jiran ci gaban littafi ku yi mini haƙuri zuwa wani lokaci. Abin da ya sa na karkata alƙalami shi ne, kwanakin baya wani ƙanena ya nuna mini hotuna a wayarsa, shi da abokansa sun je tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Gusau, sun hau kan dogo sun yi ta ɗaukar hoto. Ya ce mini yanzu abin yayi ne, samari su nemi wurin da aka watsar su shiga su ɗauko hoto su watsa a Facebook. Na tambaye shi ko ya san shekarar da jirgi ya fara ratsa wurin. Ya ce bai sani ba. Na ce to me jirgin yake ɗauka? Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai mutane mana."

Ban ga laifinsa ba, domin ni kaina sai da na girma na fara tambaya. Mu da muke rubuta littafi mun fi kowa laifi. Kullum jarumin labarinmu yana zaune a katafaren gida a Kano ko Abuja, in ya tashi hutu sai Dubai, alhali ga kufai a bayan gidanmu wanda labarin da ke binne cikinsa ya fi wanda muke ƙirƙira. Shi ya sa na ce bari in tattara ɗan abin da na ji daga manya da wanda na karanta game da wasu wurare tsakanin Tsafe da Gusau da Bunguɗu. Abin da na lura da shi shi ne kowane kufai da abin da ya tashe shi, kuma in ka gane dalilin, ka gane zamanin.

'Yandoto, garin malamai

Wanda duk zai yi maganar kufai a wannan yanki dole ya fara da 'Yandoto, wadda ke kusa da Tsafe. Matafiyi da ya taso daga Funtuwa zai nufi Gusau yana iya wuce yankin bai san ya ratsa ƙasar ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi na ƙasar Hausa ba. Tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Gusau, 'Yandoto tana cike da malamai da almajirai da fatake. A lokacin kuwa yankin nan ba a ƙarƙashin Zamfara yake ba, ƙasar Katsina ce, ɓangaren da ake kira Katsinar Laka.

Alaƙar 'Yandoto da Katsina ta wuce ta maƙwabtaka. A labarin da Katsinawa suke bayarwa, Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko a ƙarni na 15, daga 'Yandoto ya fito. Shi ne ya yi kokawa da Sanau ya kayar da shi, sarauta ta koma hannunsa. Ka ga ke nan garin da yau ɗalibin sakandare ba zai iya nuna maka shi a taswira ba, shi ya ba Katsina sarki. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi maganar matsayin 'Yandoto a littafinsa na tarihin Katsina wanda ya fito a 1981.

To me ya tashe ta? Jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'arsa da Gobir. Malaman ƙasar Hausa suka rabu biyu, wasu suka bi Shehu, wasu suka ce ba su gamsu da hujjar yaƙar sarakunan da suke salla ba. Mafi yawan malaman 'Yandoto suna cikin kashi na biyu, har zaman garin ya gagari 'yan tsirarun da suka karkata ga Shehu, cikinsu akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa. Wajajen 1805 zuwa 1806 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya zo da runduna. Aka nemi a zauna a yi muƙabala ta ilimi, abin bai yiwu ba, aka ci garin da yaƙi, malamai suka watse.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani, domin wannan ba yaƙin Musulmi da arna ba ne kamar yadda wasu suke ɗaukar duk yaƙoƙin jihadi. Malamai ne a wannan ɓangare, malamai ne a wancan. Irin wannan muhawara ce ta sake tashi daga baya tsakanin Bello da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno, inda al-Kanemi ya rubuto yana tuhumar masu jihadi da abubuwa da dama har da wulaƙanta littattafai, Bello kuma ya mayar da amsa. Bello bai ɓoye wasiƙun ba, ya sanya su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, shi ya sa muka san da su. Abin baƙin ciki shi ne hujjojin malaman 'Yandoto ba su zo mana da irin wannan cikar ba. Wanda ya yi nasara shi ya rubuta, wanda aka ci kuwa takardunsa suka bi iska.

Sunan dai bai mutu ba. Har yau akwai 'Yandoton Daji, kuma sarkin Tsafe laƙabin sarautarsa 'Yandoto ne, ana cewa 'Yandoton Tsafe. Gari ya faɗi, suna ya tashi ya koma kan rawani.

Gusau da ta yi ta gusawa

Faɗuwar 'Yandoto ita ce tashin Gusau. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda a da zaman 'Yandoto ya gagare shi, shi ne ya zama mai riƙe da yankin a madadin Shehu, kuma shi ya kafa Gusau a bakin gulbin Sakkwato. Masu tarihin garin suna sanya kafuwarsa a wajajen 1811. Wannan ne asalin laƙabin Sarkin Katsinan Gusau da yara suke mamakinsa, suna cewa ina ruwan Katsina da babban birnin Zamfara. Amsar tana cikin abin da na faɗa a baya, ƙasar Katsinar Laka ce aka ba shi.

Ana cewa sunan Gusau daga "gusa" ya samo asali, kuma garin ya ci sunansa. Bayan Sarkin Katsina na Haɓe da jama'arsa sun koma Maraɗi, Gobirawa kuma sun sake haɗa ƙarfi bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, yankin nan ya zama bakin iyaka, hare-hare ba su yanke ba. Akwai lokacin da zama ya gagara har mutanen Gusau suka tashi suka koma Rawayya, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, suka zauna can shekaru kafin su dawo su sake gina garinsu. Wato Gusau kanta ta taɓa zama kufai. Mai son cikakken bayani ya nemi littafin Gusau ta Malam Sambo, wanda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau yake cikin marubutansa.

Da aka dawo sai aka kewaye gari da ganuwa, aka yi ƙofofi. Yau in ka ce wa ɗan acaɓa ya kai ka Ƙofar Jange zai kai ka ba gardama, amma in ka ce ya nuna maka ganuwar da ƙofar take jiki, sai ya kalle ka. Ganuwar ƙasa ce, ruwan sama ya ci rabonsa, masu gini suka ɗebi rabonsu, gidaje suka haye sauran. Wannan wani irin kufai ne da mutane suke zaune a kansa ba su sani ba. Kanwuri da tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fada su ne tsohon gari. Sabon Gari da Tudun Wada zuwan jirgi da Turawa ne ya haife su.

Dutsen Kwatarkwashi

Tsakanin Tsafe da Gusau, duk mai tafiya a mota ba zai rasa ganin dutsen Kwatarkwashi ba, wanda a tsarin mulki yake ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Direbobi suna amfani da shi a matsayin alamar an kusa gida. Kwatarkwashi ta girmi Gusau nesa ba kusa ba. Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Mangul ne ya fara zama a wurin.

Dalilin zama jikin dutse ba ɓoyayye ba ne. A zamanin da mahaya dawaki suke kai hari su kama mutane, doki ba ya hawa dutse, kuma wanda ke sama yana hango ƙurar maƙiyi tun daga nesa. Ga kogunan ɓuya, ga ruwan da yake taruwa a ramukan dutse. Haka aka yi a wurare da yawa na ƙasar Hausa, Tsafe ma duwatsunta ne suka ba ta mafaka. Amma da hare-hare suka yi sauƙi, musamman bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, wahalar hawa da sauka da tulun ruwa da damin hatsi ta zama ba ta da dalili. Mutane suka riƙa matsowa fili, kusa da gona da kasuwa da hanya. Wannan shi ne kufan da zaman lafiya ya haifar, ba yaƙi ba.

Abin da aka fi sanin Kwatarkwashi da shi a da shi ne bikin Baura, inda samari majiya ƙarfi suke hawa dutsen su kamo maiki da hannu. Bikin yana haɗe da al'adun gargajiya na kafin Musulunci ya game ko'ina, shi ya sa da karatun addini ya yawaita aka bar shi. Ba ina kira a dawo da tsafi ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne a rubuta yadda aka yi, domin sanin inda aka fito ba ya rage wa mutum imani. Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya rasu a 2022 bayan ya shekara 61 a kan sarauta. Ku duba yawan abin da mutum irin wannan ya gani ya kuma ji daga na gabansa. Sa'anninsa da suka rage a garin ba su da yawa.

Dogo, gyaɗa da auduga

Yanzu mu dawo kan tambayar da na yi wa ƙanena. Hanyar jirgin da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1920, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Turawa ba don ɗaukar mutane suka yi ta ba, ko da yake ta ɗauke su. Don gyaɗa da auduga da fatu aka yi ta. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman auduga, har suka kafa ƙungiyar BCGA a 1902 don bunƙasa nomanta a ƙasashen da suke mulka. Ƙasar Gusau da Tsafe da Funtuwa kuwa ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Aka kafa injin gurza, ana raba auduga da angurya, a ɗaure ta dila-dila a loda a tarago sai Ikko, daga can jirgin ruwa ya kwashe.

Jirgi shi ya mayar da Gusau babban gari. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna da ma'ajiyoyi, Kwarori suka zo, Yarbawa da Inyamurai suka zo aikin reluwe da akawu da kasuwanci suka cika Sabon Gari. Sunan Kantin Daji da muke faɗa yau ba tare da tunani ba, shaida ce ta lokacin da aka gina kantuna a wajen gari, inda a lokacin daji ne. Manomi daga Bunguɗu ko Kwatarkwashi ya ɗoro kaya a jaki ko raƙumi, a auna a sikeli, ya karɓi kuɗi ya biya haraji, abin da ya rage ya yi wa iyali tufafi.

Bayan samun 'yancin kai aka ce maimakon a riƙa fitar da komai ɗanye, bari a sarrafa a gida. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara a Gusau, ga kamfanin matsar man gyaɗa, ga na alewa. Mu da muka taso a ƙarshen wannan zamani mun riski ma'aikata a kan kekuna suna tafiya aiki rukuni-rukuni, masu abinci da masu shayi suna jiran tashinsu, ƙarshen wata kuma kasuwa ta san an yi albashi.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba. Farin 1973 ya bugi noma, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma ya sa gwamnati ta daina damuwa da manomi. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, ba a kuma kawo wani tsari da zai tabbatar wa manomin auduga iri mai kyau da farashi ba. Manyan motoci suka ƙwace kayan da jirgi yake ɗauka, hukumar jirgin ta yi rauni. Masaƙu kuwa rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfofin waje masu araha da ake shigowa da su ta kan iyaka suka durƙusar da su. Ba Gusau kaɗai ba, babbar masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi. Abin mamaki, a daidai lokacin da Gusau ta zama babban birnin jiha, ranar 1 ga Oktoba 1996, a lokacin ne masana'antunta suke mutuwa. Gari ya samu sakatariya ya rasa masaƙa.

Wata rana na shiga wajen tashar ina neman yadda zan siffanta ta a wani labari. Na tarar da wani dattijo zaune a inuwa, na gaishe shi. Ya ce, "Yaro, mi kaka biɗa nan?" Na ce, "Baba, tarihi nake nema." Ya yi shiru, sannan ya nuna mini wani fili da ciyawa ta rufe, ya ce nan suke jera buhunan gyaɗa, shi ɗan dako ne a lokacin. Ya fi awa yana ba ni labari, yadda ake lodi da waƙa, yadda mata suke kawo tuwo da fura in jirgi ya tsaya. Ban ɗauki muryarsa ba, ban rubuta komai ba, na ce zan dawo. Da na dawo bayan watanni ban same shi ba, wanda na tambaya ya ce ya kwana biyu bai ga tsohon ba. Wannan sakacin nawa har yau yana damuna. An sha yin alƙawarin farfaɗo da hanyar, an ma taɓa yin gyare-gyare, amma hada-hadar da tsohon nan ya siffanta mini ba ta dawo ba. Abin da ya fi saurin zuwa shi ne masu sayen tsohon ƙarfe.

Kufan da ake yi a gabanmu

Da a ce shekaru 20 da suka wuce nake wannan rubutu, da na rufe shi da cewa ku shirya ku je 'Yandoto, ku hau dutsen Kwatarkwashi, ku leƙa Rawayya. Yau ba zan faɗi haka kai tsaye ba, domin ba na son alhakin ɗan kowa. Ta'addancin 'yan bindiga ya mayar da dazuzzukan Tsafe da wasu sassan Bunguɗu wuraren da ba a shiga sai da shawarar mutanen gari. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a faɗin jihar Zamfara saboda wannan masifa. A wannan watan ne kuma aka sace Sarkin Bunguɗu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi kusan wata guda a hannunsu.

Sunan 'Yandoto ma ya sake shiga jaridu a Yulin 2022, lokacin da aka naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ya dakatar da sarkin. Mutane da yawa a Najeriya ranar suka fara jin sunan garin. Garin da ya yi suna da karatu, aka san shi da wannan.

Ƙauyuka da dama sun tashi, mutanensu suna zaune a Gusau da Tsafe a gidajen 'yan uwa da kangwaye. Kowane ƙauye da ya tashi ya bar masallaci da rijiya da maƙabarta da kukar da ake zama a gindinta. Abin da ya kai kakanninmu kan dutse, ya kai mutanen Gusau Rawayya, shi ne ya dawo da sabuwar kama. Mutanen Gusau sun koma garinsu bayan shekaru, muna roƙon Allah waɗannan ma su koma. Amma in yaran da aka haifa a gudun hijira suka girma ba su san inda gonar ubansu take ba, ƙauyen ya zama 'Yandoto ta biyu, kuma ita ko sarautar da za ta riƙe sunanta ba ta da ita.

Saboda haka ga shawarata ga samari masu yawon ɗaukar hoto. Wurin da ke cikin gari, ku nemi izinin mai gadi ko mai unguwa kafin ku shiga, ku kula da rufin da ya ruɓe da macizai, kada kuma ku ɗauko ko da ƙusa. Wurin da ke daji ku haƙura tukuna. Wayar da kuke ɗaukar hoto da ita tana ɗaukar murya. Tsohon ma'aikacin masaƙa yana unguwarku, tsohuwar da aka taso daga ƙauye tana zauren maƙwabcinku. Ku zauna ku tambaye su sunan garinsu, wa ya kafa shi, ina rijiyar take, me ake nomawa, a wace shekara suka fito. Ku rubuta da kwanan wata ku ajiye.

Mu kuma marubuta, ko babi ɗaya ne mu riƙa kai jarumanmu waɗannan wurare. Ni na fara, littafin da nake kai yanzu uban yarinyar tsohon ɗan dakon tashar Gusau ne. Wanda ya san wani abu game da wuraren nan fiye da abin da na kawo, ko ya ga inda na yi kuskure, ƙofa a buɗe take. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Wassalam.